Likita Stirrett, Bature Mai Magani: Amincin Kowace Rana

Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 13, aya 7, tana umartarmu mu riƙa tunawa da magabatan da suka kawo mana maganar Allah, mu duba yadda zamansu ya ƙare, mu bi sawun bangaskiyarsu. Domin wannan ne za mu duba labarin wani bawan Allah, Andrew Park Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba masa suna Bature Mai Magani. Bai riƙe sarauta ba, bai bar dukiya ba, bai kuwa ga yawan amfanin da zuciyarsa ta yi marmari ba. Amma aikin da aka ba shi ya riƙe shi kowace rana har shekara 46. Ku 'yan'uwa da kuke zaune a Azare da Katagum da garuruwan da ke kewaye, inda masu bin Yesu ba su da yawa, akwai ƙarfafawa dominku a cikin wannan labari.

Asalinsa da kiransa

An haifi Stirrett a cikin shekara ta 1865 a lardin Ontariyo, a ƙasar Kanada. Ya koyi sana'ar haɗa magunguna, ya buɗe kantin magani a birnin Toronto, Allah kuwa ya sa wa cinikinsa albarka har ya zama mai wadata. Ya kuma shiga karatun likita. Duk wanda ya dube shi a lokacin nan zai ce mutumin nan ya zauna ke nan, sai dai ya ci gumin goshinsa cikin kwanciyar rai.

Amma akwai wani labari da ke yawo a cikin ikilisiyoyin Kanada a kwanakin nan. A ƙarshen shekara ta 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas, suna nufin su kai Bishara cikin ƙasashen Sudan. A zamanin nan abin da ake kira Sudan shi ne dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Hamada, har da ƙasar Hausa da Barno. Shekara ba ta kewayo ba sai biyu daga cikinsu suka rasu: Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuwa a Bida, dukansu a cikin 1894. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a cikin 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Duk da haka bai saki maganar ba. Daga wannan naci nasa aka sami ƙungiyar da aka sani daga baya da suna Sudan Interior Mission, ko SIM a taƙaice.

Wata 'yar takarda da Bingham ya rubuta a kan bukatar ƙasashen nan ta faɗo hannun Stirrett. Da ya karanta, maganar ta zauna masa a zuciya, ta ƙi tashi. Sai ya ɗauki dukiyarsa ya miƙa domin aikin Bishara, ya tafi birnin Libaful a Ingila, ya ƙaro sani a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, ya shiga jirgi. A cikin 1902 ya iso Patigi a ƙasar Nupe, a bakin Kogin Kwara, inda 'yan mishan suka kafa mazauninsu na fari. Shekarunsa 37 ke nan.

Mai karatu zai tuna da mutumin nan mai arziki na cikin Markus 10:17-22, wanda ya zo wurin Yesu a guje, ya koma da baƙin ciki domin dukiyarsa ta fi ƙarfinsa. Stirrett ya ji irin kiran nan, ya amsa. Ba kowane mai bi ne aka kira ya rabu da dukan abin hannunsa ba, gama ko Bitrus ya nuna wa Hananiya gonarsa tana cikin ikonsa, ya sayar ko ya bari (Ayyukan Manzanni 5:4). Amma kowane mai bi an kira shi ya san shi wakili ne a kan abin da ke hannunsa, Mai shi kuwa yana iya aikowa a karɓa ko da wace rana.

Ƙasar zazzaɓi

Babban abokin gaban baƙi a zamanin nan ciwo ne. Ko ƙasarku ta Katagum tana da shaidar wannan. A cikin watan Janairu na 1824 wani likita Bature, Walter Oudney, wanda ya taso daga Barno tare da Hugh Clapperton za su Kano, ya rasu a Murmur, kusa da birnin Katagum, ciwo ya ci ƙarfinsa a hanya. Bayan shekara 78 al'amarin bai sake sosai ba. Mutum huɗu ne suka buɗe mazaunin Patigi. Kafin shekara biyu ɗaya ya mutu, biyu aka mai da su gida ba lafiya, A. W. Banfield kaɗai ya rage a cikinsu.

Abin mamaki shi ne, maganin ba ɓoyayye ba ne. Tun a cikin 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin a kai a kai, ya komo ba wanda zazzaɓi ya kashe. A cikin 1897 kuma Ronald Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Sani yana nan, abin da ya rage shi ne naci. Mutum yakan sha magani sa'ad da jikinsa ya yi zafi, in ya ji sauƙi ya manta da kwalbar, gama kwinin yana da ɗaci ƙwarai. Stirrett, da yake mai haɗa magani ne, ya san ƙa'idar awo da lokaci. Ya tsaya wa abokan aikinsa a kan su sha nasu awon kowace rana, da lafiya da rashin lafiya. Da haka mace-macen zazzaɓi suka ragu a cikinsu, mutane suka fara daɗewa a ƙasar har su iya harshe, su san jama'a. Shi kansa ya zauna cikin ƙasar da ta cinye samari, har ya tsufa tukuf.

Yau ba da kwinin na kullum ake tsare jiki ba. Akwai gidan sauro, akwai kuma sababbin magunguna da ake bayarwa a asibiti bayan an auna jini. Amma darasin bai tsufa ba. Da yawa a cikinmu muna riƙe da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki kamar maganin da ake nema sai ciwo ya kama. Ran da yaro ya kwanta, ko aiki ya kuɓuce, ko tashin hankali ya taso a gari, sai mu durƙusa. In abin ya wuce, sai Littafin ya koma ƙasan akwati. Ku duba Fitowa 16, ku ga yadda Ubangiji ya ciyad da Isra'ilawa a jeji: kowace safiya su tattara abincin yinin nan, wanda ya ajiye na gobe sai ya iske ya yi tsutsa. Stirrett ya gane wannan. Al'adarsa ce ya tashi tun da sauran dare ya yi addu'a kafin gari ya waye, yadda Markus 1:35 ya nuna Ubangijinmu da kansa ya yi.

Ƙofa a rufe, zango a buɗe

Zuciyar Stirrett tana wajen Hausawa. Amma hanyar shiga manyan biranensu a rufe take. Sa'ad da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Bisa ga fassarar da masu mulki suka yi wa alkawarin nan, aka hana 'yan mishan zama a yawancin ƙasashen sarakunan Musulmi shekaru da yawa. Mutumin da ya bar kome domin Hausawa, ga shi ba shi da izinin zama a tsakiyarsu.

Mai gajen haƙuri da ya koma gida, ya ce ƙofa ba ta buɗu ba. Mai taurin kai kuwa da ya kutsa da ƙarfi, ya jawo rigima a kan kansa da 'yan'uwansa. Stirrett bai bi ko ɗaya ba. Ya lura Bahaushe ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Fatake suna gangarowa daga arewa da jakuna, da kanwa da fatu da tufafi, su hau da goro. Ya zauna a Wushishi, a bakin Kogin Kaduna, kusa da Zungeru wadda ita ce hedkwatar gwamnatin Arewa a lokacin, inda ayari ke yada zango. Can ya riƙa zuwa wurinsu, yana duba masu gyambo da masu zazzaɓi, yana gyara Hausarsa a bakinsu, yana gaya musu labarin Yesu. Gobe ayarin ya tashi, wani ya sauka, ya sake daga fari. Yawancin waɗanda suka ji shi bai ƙara ganin fuskarsu ba.

Haka aka yi da Manzo Bulus. A cikin Ayyukan Manzanni 16:6-10 an hana shi shiga Asiya, an hana shi Bitiniya, bai kuwa zauna yana gunaguni ba. Ya ci gaba da tafiya har aka nuna masa Makidoniya. Wanda ya ce ba zai bauta wa Allah ba sai a wurin da shi ya zaɓa, kansa yake bauta wa.

Kasuwar Jos

Daga baya mazaunin Stirrett ya koma Jos. Haƙar kuza ta tara mutane a can daga kowace kusurwa, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki. Hausawan da aka hana shi zuwa garuruwansu, ga su neman abinci ya kawo su ƙofarsa. Sai ya mai da kasuwa wurin aikinsa. Kowace rana yakan tafi, ya hau kan wani dutse, ya yi wa'azi da Hausa ga duk wanda ya tsaya. Ya yi haka yana da ƙarfi, ya yi haka furfura ta rufe shi. Ku karanta Ayyukan Manzanni 17:17, za ku tarar Bulus ya yi irin wannan a kasuwar Atina, kowace rana, da waɗanda ya iske a wurin.

Ku lura da sunan da mutane suka ba shi. Ba su kira shi mai gardama ba, suka ce Mai Magani. Hannunsa ya riga bakinsa isa wurinsu. Mutumin da ka wanke masa miki, in ka yi magana zai saurara, ko da bai yarda ba. Wannan ya yi daidai da gargaɗin 1 Bitrus 3:15-16, inda aka ce mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi, da lamiri mai tsabta.

Ba kowa aka ba baiwar tsayawa a kasuwa ba, ba kuwa kowace kasuwa ce ta dace da haka ba. Hikima ita ma daga Allah take. Amma kowannenku yana da dutsen da aka tsai da shi a kai. Na wani teburin awo ne a kasuwar Azare, na wata gefen gadon majiyyaci a asibiti, na wani allon makaranta, na wata bakin rijiyar da take haɗuwa da matan unguwa. Maƙwabtanku Musulmi, waɗanda kuke gaisawa da su safe da yamma, kuna zuwa musu barka da ta'aziyya, yawancinsu ba za su buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Mudunku za su karanta. Karin Magana 11:1 ya nuna ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Mai sayar da gero wanda ya cika mudu shekara goma, ran da ya tauye sau ɗaya aka gani, sunan shekara goman nan ya zube. Mai haɗa magani ya san wannan fiye da kowa: awo kaɗan ya kauce, magani ya zama dafi.

Littafi Mai Tsarki da Hausa

Akwai wani aiki kuma wanda ba a yin sa a gaban jama'a. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, amma dukan Littafin bai samu ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, shi ne ya ɗauki mafi nauyin juyin. Stirrett yana cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi, da Hausawa masana harshe waɗanda in ba dominsu ba da aikin bai yiwu ba. Aka yi shekaru ana auna kalma da kalma, a rubuta, a soke, a sake. A cikin 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Stirrett ya kuma sa hannu cikin shirya waƙoƙin sujada da Hausa.

Ga wani abu da ya kamata mu kula da shi. Miller ɗan ikilisiyar Angilikan ne daga Ingila, Stirrett kuwa daga wata ƙungiya dabam, daga Kanada. Ba su ce sai kowa ya fitar da nasa Littafin ba. A Azare ma ikilisiyoyi iri iri ne, masu bi kuwa sun fito daga kabilu dabam dabam, waɗansu aiki ne ya kawo su. Inda jama'a ba su da yawa, tsaguwa ba ta da wurin ɓuya. Dukan gari yana gani.

Abin da ya gani da abin da bai gani ba

A cikin shekarun 1930 ƙofar da ta daɗe a rufe ta ɗan buɗe, ta hanyar da ba a zata ba. Aka ba SIM riƙon wuraren jiyyar masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Magani ne ya buɗe abin da gardama ba ta iya buɗewa ba. Stirrett ya ga wannan da idonsa. Bingham ya riga shi tafiya a cikin 1942. Shi kuwa, wanda bai taɓa yin aure ba, ya zauna a bakin aikinsa har ya rasu a Jos a cikin watan Yuli na 1948, ya haura shekara 80.

Sai mu faɗi gaskiya, gama labarin bayin Allah ba ya bukatar ado. Babban taron Hausawa da ya yi ta roƙo su bi Yesu, bai gan shi ba. Waɗanda suka ba da gaskiya daga cikinsu a zamaninsa kaɗan ne. In da yawan kai ake auna aiki, da sai a ce ya yi hasarar kantinsa a banza. Amma ku duba inda irin ya faɗi. Littafin nan da aka juya domin Hausawa ya zama abincin kabilu masu yawa na kan dutsen Jos, da kudancin Zariya, da Tangale, da kudancin Bauchi, waɗanda Hausa ta zama musu harshen sujada. Ya ƙetare iyaka har ƙasar Nijar. Shekara 6 bayan rasuwarsa, a cikin 1954, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, suna aika nasu masu bishara. Duk inda aka buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa yau, ko da juyi na baya ne, ana tafiya a kan turbar da su Miller da Stirrett suka share. Wani ya shuka, wani ya girbe, kamar yadda Yohanna 4:37-38 ya koya mana.

Abin koyi

Kwanakin shekara 46 sun haura 16,000. Ba mai iya ɗaukar wannan kaya gaba ɗaya, ba a kuwa ɗora wa Stirrett shi gaba ɗaya ba. Yini guda aka riƙa ba shi. Masu noman rani a fadamun Kogin Jama'are sun san wannan hikima. Lambu ba ya rayuwa da ruwan da aka kwarara masa sau ɗaya, kome yawansa. Sai an yi ta ban ruwa a kan kari, ko mai lambu yana jin daɗi ko ba ya ji. In ya yi sakaci kwana kaɗan cikin zafin bazara, wahalar watanni ta tafi. Hausawa sukan ce da yayyafi kogi kan cika.

Cikin 1 Korintiyawa 4:2 Bulus ya nuna abin da ake nema wurin wakili shi ne a iske shi da aminci. Ba a ɗora masa sai ya yi suna ba, ba a kuwa ɗora masa girman amfanin gona ba, gama a sura 3, aya 6 da 7, an nuna Allah ne mai sa girma. Ubangijinmu kuma ya koya mana a cikin Luka 16:10 cewa a kan ƙaramin abu ake gane wanda za a amince masa da babba. Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka raina 'yar majami'arku domin kujerunta ba su cika ba. 'Yar'uwa, kada ki gaji da roƙo domin ɗanki wanda ya bar hanya. Malamin makaranta, ka shiga ajinka a kan lokaci ko ba mai dubawa. Ku yi aikin yau da dukan zuciya, ku bar lissafin girbi a hannun Mai gona.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu ne a hannunka wanda zai fi yi maka wuyar saki in Ubangiji ya aiko a karɓa?
2. Me ya sa addu'a takan yi mana sauƙi cikin wahala, ta yi nauyi cikin wadata? Me Fitowa 16 ta koya mana a kan wannan?
3. Wace ƙofa ce take a rufe gabanku a garinku? Wane zango ne kuwa yake a buɗe wanda ba ku kula da shi ba tukuna?
4. In maƙwabtanka za su laƙaba maka suna bisa ga abin da suke gani a wurinka kullum, wane suna za su ba ka?
5. Yaya za mu ƙarfafa ɗan'uwan da ya daɗe yana aiki bai ga amfani ba?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, muna gode maka domin bayinka da suka riga mu, waɗanda suka kawo mana Maganarka cikin harshen da muke ji. Ka ba mu abin da zai ishe mu na yau: haƙuri a gida, gaskiya a kasuwa, ladabi ga maƙwabta, da naciya cikin addu'a. In ba mu ga girbi ba, ka tsare mu daga fid da zuciya. Ka iske mu a bakin aikinmu ran da za ka kira mu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.